Abin da Kwalbar Inabi Ta Koya Mana

Matasa 'yan'uwana, tambayar da kuka fi yi mini ita ce: ruwan inabin da Yesu ya yi a bikin Kana mai bugarwa ne, ko zallar ruwan 'ya'yan itace? A kwalejin tauhidi mun sha muhawara a kan kalmomin Helenanci, amma amsar da ta fi gamsar da ni daga kwalba ta fito.

Na sayo inabi a kasuwar 'Yan Lemo, muka matse shi da 'yan ajinmu na nan Unguwa Uku, muka zuba har da ɓawon a kwalba, muka ɗaura balan-balan a bakinta. Masu koyar da ɗanɗanon ruwan inabi a Faransa sukan ce a duba, a shinshina, sannan a kurɓa. Mu a biyun farko muka tsaya. Kafin kwana uku kumfa ta taso, balan-balan ya kumbura, ƙamshin zaƙi ya koma tsami-tsami. Yistin da ke jikin ɓawon ne yake cinye sukari, ya bar barasa da iska, kamar yadda Louis Pasteur ya bayyana a 1857. Wanda ya taɓa barin kunun zaƙi ya kwana a gora lokacin bazara ya san wannan aiki.

A nan Matiyu 9:17 ta buɗe mana. Tsohuwar salka ta bushe, ba ta miƙewa, shi ya sa iskar sabon ruwan inabi take fasa ta. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya dafa ruwan inabi don kashe yistin, aka samu marar bugarwa na Jibin Ubangiji.

Saboda haka ba zan ce muku na Kana ruwan zaƙi ne kawai ba. Dalilin da ya sa ni ba na sha yana wani wuri. Afisawa 5:18 ta hana buguwa, Romawa 14 kuma ta ɗora mini nauyin ɗan'uwan da zai yi tuntuɓe saboda ni. A cikinku akwai mai fama ya rabu da kwalba, maƙwabtanmu Musulmi kuma suna auna shaidarmu da halinmu.

Ya Ubangiji, ka ba mu kamun kai da ƙaunar juna. Amin.