Kano Pillars da darasin ramukan gishiri

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan karin magana ce ke faɗo mini a rai duk lokacin da aka ambaci ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars, wadda mu samarin wannan gefen iyaka muke ɗauka tamkar tamu. Tsakanin 2008 da 2017 ta ci kofin Najeriya har sau 7. A 2016, a birnin Alƙahira, ta zo ta uku a gasar zakarun kulob-kulob na Afirka.

Tsagewar bangon ta faro ne daga sama. A watan Yuni na 2017 hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya ta yi zaɓe biyu: na Kano ya ba Tijjani Umar, na Abuja ya ba Musa Kida. Shugabanni suka shiga ja-in-ja, gasar ƙasa ta riƙa tafiya tana tsayawa. Da aka buɗe babbar gasar Afirka ta BAL a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ta Fatakwal ce ta wakilci Najeriya. A 2023 kuma Kwara Falcons. Ba a ji sunan Kano ba.

Yaya ake tada ƙungiyar da ta durƙusa haka? Abokaina da yawa amsarsu guda ce: a zuba kuɗɗi, a sawo manyan ƴan wasa. Ni kuwa ina ganin mutanen Tegidda-n-Tesumt, can arewa da Ingal cikin jihar Agadas, sun fi mu sanin amsar, ko da yake gishiri ne sana'arsu. Suna kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiya cikin manyan ramuka, su bari ta kwanta, su kwashe ruwan zuwa ƙananan ramuka, rana ta ƙarasa aiki. Damina takan ɓata ramukan, saboda haka kafin a yi zancen gishirin bana sai an yashe su an gyara gefensu. Wanda ya zuba ruwa cikin ramin da ya tsage, ƙasa ya shayar.

Ramukan ƙungiyar wasa su ne gasa mai ranar farawa da ranar ƙarewa, albashi mai zuwa kan kari, da fili inda yaran lakkol za su koyi jifa tun suna ƙanana. In waɗannan sun lalace, gwanin da aka sawo da tsada zai yi kaka guda ya kama gabansa.

Misalin yana nan kusa. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya karɓi ragamar Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a 2013. Mutane suna tuna yadda ya ɗauko Kawhi Leonard a 2018, ƙungiyar ta ci kofin NBA a 2019. Abin da suke mantawa shi ne Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda aka zaɓa na 27 a 2016, da Fred VanVleet, wanda a zaɓen shekarar babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Dukansu biyu a ƙaramar ƙungiyar Raptors aka raine su. Leonard ya tarar da gini ne a tsaye, ya aza masa rufi.

Abin da ke damuna ya wuce kofi. Ɗan wasa shekarun ƙarfinsa ƙalilan ne; wanda rigimar manya ta cinye wa shekara uku, babu mai mayar masa da su. Ƙanensa kuma, da ya ga yadda aka ƙare, ba zai ɗauki ƙwallo ba. Don haka kirana ga hukumomin Kano, da namu na Yamai masu kula da ƙungiyoyi irin su Nigelec, shi ne su fara da jadawalin gasa, da haƙƙin ƴan wasa, da filayen makarantu. Allah ya ba su ikon yin haka.