Hanyar Ƙuba da aka mayar wa masu tafiya a ƙasa

Tsakanin Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da Masallacin Ƙuba akwai tazarar kilomita 3 da 'yan kai. Alhazanmu na shekarun baya sun san wannan hanya da motoci da hayaƙi da ƙarar hon. A bas ɗin ziyara ake kwasar mutum a kai shi Ƙuba, ya yi raka'a biyu direba na jira, a wuce Ƙiblataini da Uhudu. Da na je Umra daga Birnin Kebbi sai na tarar hukumar raya yankin Madina ta janye motoci daga mafi yawan titin, ta shimfiɗe shi da dutse, ta bar wa masu tafiya a ƙasa.

Dalilin a bayyane yake ga duk Musulmi. Ƙuba shi ne masallacin farko da aka gina bayan hijira, a shekarar 622, kuma ya inganta cewa Manzon Allah yakan je can kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci bisa abin hawa. Sai dai sunna kaɗai ba za ta riƙe mutum a titin da ba ya takuwa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne aikin da aka yi don tafiyar ta yiwu ga kowa, har da mai ciwon gwiwa da mai goyo.

Na bi hanyar bayan Isha'i, lokacin da gari ya sha iska. Fitilu sun haska ko'ina. Dama da hagu shaguna ne ƙofa a buɗe: mai dabino ya jera ajwa a kwanduna, kusa da shi mai turare, sai mai jallabiya, sai inda ake dafa shayi da na'ana'ar Madina, wadda ƙamshinta ke riga mutum isa. A saman shagunan masaukai ne da gidajen zama, don haka ko dare ya yi titin ba ya mutuwa. Yara na tuƙa keke a tsakiya iyayensu ba su ɗaga murya. Ƙananan motocin lantarki marasa ƙara suna ɗaukar tsofaffi da gajiyayyu a hankali. Motocin gari kuwa an karkatar da su ta titunan baya, sai a wasu mahaɗu suke tsallakawa.

A kan ɗaya daga cikin kujerun da aka jera na ga wani dattijo da sandarsa da carbi, ya cire takalmi yana murza ƙafa. Na yi masa sallama, daga amsawarsa na gane na gida ne.

"Ɗana, daga ina?"

"Baba, daga Birnin Kebbi, Nasarawa."

Ya yi murmushi ya ce shi Bakabe ne, daga wajen Argungu. Na ce in tsayar masa da motar lantarki. Ya girgiza kai. "Bari, ɗana. Hanyag ga ba ta korar tsoho. In na gaji sai in zamna, in na huta in tashi." Haka muka jera har Ƙuba, daga wannan kujera zuwa waccan, yana ba ni labarin kamun kifi a kogin Matan Fada. A ganina waɗannan kujeru sun fi dutsen da aka shimfiɗa daraja, ko da yake dutsen ne ya ci kuɗi. Ba don su ba, da dattijon nan bai taka hanyar da ya daɗe yana marmarin takawa ba.

Akwai abin da bai gamsar da ni ba. Da rana tsaka wurin ba ya zamnuwa, don inuwar ba ta kai ba, dutse kuma yana riƙe zafi. Na kuma lura wuraren shan gahawa masu tsada sun fi yawa a sassan da aka fi ƙawatawa, na yi ta tunanin ina mai ƙaramin jari zai tsuguna in haya ta tashi.

Tunanin gida bai bar ni ba. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ke ta faɗi, kuma mun saba auna ci gaba da tagwayen tituna. Ana zuba kwalta daga bakin magudana zuwa bakin magudana, magudanar a buɗe, mai tafiya a ƙasa kuma ya nemi inda zai sa ƙafa tsakanin 'yan kabu-kabu da keke Napep. Alhali ka tsaya a Nasarawa da yamma ka duba waɗanda ke kan hanya: 'yan Islamiyya, mata masu zuwa kemis, masu tura ruwa, tsofaffi masu nufar masallaci. Mafi yawansu a ƙasa suke. Haɗa gida da sana'a a wuri ɗaya, wanda masu tsara birane ke ta yabo yanzu, mu da shi muka tashi: shagon tela a gaba, gida a baya, mai shayi da mai tsire a kusurwa, dakali a ƙofar zaure. Fili kawai mota ta ƙwace mana. Ranar hawan Sallah a Fadar Abdullahi Fodiyo, ko lokacin bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934, kowa ya ga yadda jama'a ke cika titi da ƙafa, da yadda ciniki ke kankama, in mota ta ja da baya.

Na san aljihunmu ba na Saudiyya ba ne. A 2022 sun sanar da faɗaɗa Masallacin Ƙuba zuwa murabba'in mita 50,000 don ya ɗauki masallata 66,000. Amma Kigali, a Ruwanda, ta rufe wani titi a tsakiyar birni ga motoci tun 2015, kuma ba ƙasar mai ba ce. Abin da nake fata a gida ƙarami ne. A zaɓi gajeren titi ɗaya mai masallaci da shaguna da gidaje, a rufe shi ga motoci daga La'asar zuwa dare, a gani. A rufe magudana da silab a samu wurin takawa. A zauna da 'yan kabu-kabu tun farko a ba su tasha a bakin titin ta kowane gefe, don abincinsu a nan yake. Masu tebur da masu talla kada a kore su da sunan tsafta, a ja musu layi su tsaya a kai, don su ne ke sa titi ya rayu.

Inuwa kuwa, a garin da zafin Afrilu ke wuce maki 40, ita ce aikin farko. Dogon yaro ya riga ya nuna yana jure ƙasarmu. A dasa shi cikin Yuli da damina ta zauna, a kewaye kowane da waya saboda awaki, a kuma damƙa wa mai shagon da ke kusa amanar ba shi ruwa har ya wuce rani biyu.