Ɗaurewar Ƙafa Cikin Dare

Maganarmu ta wannan wata daga ɗakin mahaifiyarmu ta samo asali, a nan zangon Kumasi.

Cikin azumin da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, muka ji Inna tana salati da ƙarfi. Muka shiga muka tarar da ita a bakin gado ta riƙe sharaɓarta ta hagu, naman wurin ya dunƙule ya yi tauri kamar dutse, yatsun ƙafar sun lanƙwashe. Bayan 'yan mintoci ya saki, amma ranar ɗingishi ta wuni tana yi. Ashe ta fi wata uku tana fama ba ta faɗa wa kowa ba. "Malam, koma ka kwanta," in ji ta, don har yau ba ta kiran sunan ɗan fari, "ai ina shan magani."

Maganin nan shi ya tayar mana da hankali. Maƙwabta sun ce mata iska ce, wasu suka ce ta taka wani abu. Shi kuwa wani mai shagon magani ƙwayar kwinin ya ƙirga mata, ya ce ta riƙa sha kafin barci. Mun san kwinin maganin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma gaskiya an daɗe ana ba da shi don ɗaurewar ƙafa. Amma tun 2006, sannan a 2010, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shansa don wannan lalura, saboda yana iya rage ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, ya kuma rikita bugun zuciya. Da muka tambaye ta, sai Inna ta ce kwana biyu kunnuwanta suna ƙara. Wannan ma aikinsa ne. Washegari muka kai ta asibiti.

A can likita ya tambayi abin da take sha na hawan jini. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin irin mai sa yawan fitsari ce, ga azumi, ga zafi, ga tsayuwar tarawihi. Jiki ya rasa ruwa da gishirinsa. Ya duba sukarinta da ƙodarta, domin ciwon sukari da ciwon ƙoda su ma suna kawo wannan, aka samu lafiya lau. Ya gyara mata magani, ya hana ta kwinin.

Ya kamata mu faɗi cewa a wurin yawancin mutane ba a gano wani dalili ko an bincika. Abin ya fi samun waɗanda suka haura shekara 50, da masu juna biyu a watannin ƙarshe, da masu doguwar tsayuwa. Mu malaman makaranta da ke wuni a gaban allo mun san shi, haka iyayenmu mata masu tsayuwa kan tukunyar waake da koko tun asuba.

In ya kama mutum, ya miƙe ƙafar sosai, ya jawo yatsun zuwa wajen gwiwa, ya riƙe har naman ya saki. In zai iya, ya tashi ya taka, a murza wurin, a gasa da ruwan ɗumi. Kafin barci kuma ya dafa bango, ya ja ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ya karkata gaba har ya ji sharaɓa ta miƙe, sannan ya sauya ƙafa. Kada a ɗaure bargo tamau a kan yatsu. Ƙwayar maganiziyam da ake talla kuwa, bincike bai nuna tana taimakon tsofaffi sosai ba, don haka ba mu kashe sidinmu a kanta ba.

Amma fa in ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ciwon bai saki ba, to kada a murza. Yana iya zama gudan jini ne ya toshe jijiya, sai asibiti a ranar.

Inna da farko ta ƙi dafa bango, wai jikokinta za su yi mata dariya. Sai da muka sa 'yar autarmu tana yi tare da ita bayan sallar isha'i. Yanzu ɗaurewar takan zo jefi-jefi, kuma ita ke tuna wa yarinyar in ta manta.