Maleƙin da Ke Saman Zorki

Da Kawu ya dawo daga karatu a Mosko, cikin tsarabarsa har da kyamara mai nauyin dutsen guga, Zorki-4, irin wadda masana'antar KMZ ta garin Krasnogorsk ta yi ta ƙerawa daga 1956 zuwa 1973. Ni ne ɗan aikensa a gidanmu na Zariya, don haka ni ke rataya ta.

Tagar leƙenta ta gilashi mai milimita 50 ce kaɗai. In ka cire shi ka ɗaura Jupiter-12 mai 35, ko Jupiter-9 mai 85, tagar ba ta san an yi canji ba, abin da ta saba nunawa shi za ta nuna. Shi ya sa Kawu ke zura wani ɗan maleƙi a saman kyamarar, mai idanu biyar a kan faifan da ake juyawa: 28, 35, 50, 85 da 135. Har yau ina jin ɗan ƙas ɗin da yake yi in ido ya zauna daidai.

Leƙe biyu ake yi. Ka fara da tagar ƙasa, kana murɗa gilashi har inuwa biyu su haɗe su zama fuska ɗaya. Sannan ka ɗaga ido zuwa maleƙin sama ka tsara abin da zai shiga hoto. Tsakanin leƙen nan biyu yaro kan motsa, doki kan juya. Kawu yakan ce, "Kai dai riƙe numfashinka, hannu ya bi ido."

Abin da ban kiyaye ba shi ne maleƙin yana sama da gilashi, ba wuri ɗaya suke kallo ba. Daga nesa bambancin ba ya nunawa, amma a kusa sai an gyara. Ranar wata Babbar Salla na matsa dab da Kaka a zaure, na gan shi cif a maleƙi, na danna. Bayan mako guda da aka wanko fim, rabin rawaninsa babu.

Na so yaga hoton, Kawu ya riƙe hannuna. Kaka ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ai fuskar ta fito, jikana."

Bai kai wata Sallar ba. Hoton na nan a ɗakin Inna, idanunsa tar, da furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya.