Muryar tsofaffinmu da kwamfuta mai in'ina

Mu 'yan Turba da Isa da Sabon Birni da ke karatu a jami'a a Sakkwato muna da wani aiki da muka ɗora wa kanmu. Duk hutun da hanya ta yi kyau muka je gida, sai mu ɗauki tsofaffinmu a waya suna ba da tarihi: labarin Alƙalawa, babban birnin Gobir da aka ci da yaƙi a 1808, da sarautar Bawa Jan Gwarzo, da yadda Narambaɗa Tubali yake yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa. Rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka da yawa, masu riƙe da labarin nan kuma kullum raguwa suke.

Ɗauka ba ta da wuya. Wahalar tana wurin gyara. Iska tana kaɗawa, awaki suna kuka, muryar tsoho kuma ba ta fita sosai. Muna wanke sautin da Audacity, manhaja ce ta kyauta. Sai dai ku sani, ƙannenmu, aikinta sauti ne kaɗai, ba ta fitar da bidiyo. Idan mun gama, sai mu fitar da sautin a matsayin WAV, mu kai shi Shotcut ko CapCut mu haɗa da hoton.

A nan ne baki da murya sukan saɓa, tsoho ya rufe baki amma maganarsa na tafiya. Magani uku muke yi. Kafin a fara hira, ɗayanmu yakan tafa sau ɗaya a gaban kyamara, tafin ya zama alamar da za mu daidaita sauti da hoto a kanta. Muna kuma saita komai a kan 48,000, wato yawan gutsattsarin sauti a sakan ɗaya da aka saba a bidiyo, ba 44,100 na faifan CD ba. Na uku, wayoyi da yawa ba sa ɗaukar hotuna daidai wa daida a kowane sakan, don haka sai mu bi da bidiyon ta HandBrake ya tsaya a 30 cif.

Tsofaffin kwamfutocinmu kuwa in'ina suke yi idan aiki ya yi musu yawa. Dalili shi ne kowane gyara da aka bari a buɗe, sai na'ura ta lissafa shi a daidai lokacin da take kunna sautin. Saboda haka mukan ajiye asalin fayil a gefe, mu tabbatar da gyaran a kan kwafi, mu rufe sauran manhajoji. A Shotcut mukan sa ta yi ƙaramin kwafi mara nauyi mu yi aiki da shi, sai wajen fitarwa ta koma kan na asali.

Wajen fitarwa, mutanen gida muke tunawa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, kuma ko yau sabis ba ya da ƙarfi a wurare da dama. Ku yi lissafi: minti ɗaya a megabit 8 cikin sakan ya kai megabait 60, a megabit 2 kuwa 15 ne kacal. Shi ya sa muke zaɓen MP4 a 720, mu rage nauyin hoto amma mu bar sauti a 128, wanda bai kai megabait ɗaya a minti ba. Hoto ya ɗan dushe babu laifi, maganar ce dukiyar.

Ba sai kun shiga jami'a ba. Wanda ke da kaka a gida da aron waya ya isa ya fara. Ku nemi izininta tukuna, ku zauna inda babu iska, ku matso da wayar kusa da ita, ku tafa, sannan ku yi shiru ku bar ta ta yi magana.