An kashe inji, amma tiyo na da rai

Shekara biyu na yi a wani kamfanin lemo a Sharaɗa, ɓangaren wankin kwalba. Aikina kula da ɗan famfon da ke zuƙo ruwan soda daga durom yana tura shi cikin injin wanki daidai gwargwado. Sodar nan ce dai da mata ke haɗa sabulu da ita, kuma duk wadda ta taɓa haɗawa ta san ba abar wasa ba ce.

Wani dattijo ne ya koya min aikin, Baba kawai muke ce masa. Ran farko ya miƙo min safar hannu ta roba da tabarau mai rufe ido ruf, ya ce, "Yaro, wuta tana gargaɗi da zafi, soda ba ta yi. Santsi za ka fara ji kamar sabulu, santsin nan kuwa fatarka ce ke narkewa."

Wata uku ina bin ƙa'ida, sai sabo ya shigo. Zafin Kano a watan Afrilu, gumi ya cika tabarau har ba na gani sosai. Na fara ɗage shi zuwa goshi, ba abin da ya same ni, sai na ɗauka na iya.

Wata Alhamis soda ta daskare a bakin tiyo ya toshe. Aiki ya tsaya cak, oga na ta faɗa. Na kashe makunni na ɗauko sufana, a zatona tunda inji ya yi shiru an gama. Abin da na manta shi ne, ruwan da famfo ya riga ya matse yana nan da ƙarfinsa: gaba a toshe, baya kuma bawul ba ya barinsa ya koma. Ina sassauta noti sai ya feso min a kunci da gefen idon hagu, tabarau na goshi.

Ban san lokacin da Baba ya ja ni bakin famfon ruwa ba. Ya buɗe idon da yatsunsa ya sakar min ruwa. Wani ya ce a shafa man ja, wani ya ce lemon tsami. Baba ya daka musu tsawa: "Ruwa kawai!" Na ce, "Baba, ya isa haka." Bai ko kalle ni ba, agogo yake dubawa. Sai da aka wuce minti 20 sannan aka kai ni asibiti, can ma wankin suka ci gaba da yi. Ido ya tsira, alhamdulillahi. Kunci kuwa har yau da tabo.

Da na dawo aiki Baba bai yi min faɗa ba, sa ni ya yi na maimaita matakan a gabansa. A kashe inji a zare fulogi, a rataya alama kada wani ya kunna. A sauke matsin tiyo cikin bokiti, a zagaya da ruwa, sannan a taɓa noti. Tiyon wannan durom ba ya shiga wancan, don haifo in ya gamu da asid iskar kulorin yake fitarwa, mai shaƙe numfashi. In za a jiƙa soda, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba mata ruwa.

Na san a cikinmu akwai masu aiki a Bompai da Challawa, akwai 'yan uwa mata masu haɗa sabulun ruwa a tsakar gida, yara na kai-kawo. Don Allah kada a zuba sinadari a gorar ruwan sha, kuma a tanadi ruwa kusa kafin a buɗe komai. Tabarau na da takura, na sani. Amma duk safiya in na duba madubi, ina ganin tazarar da ke tsakanin tabon nan da ƙwayar idona ba ta kai faɗin yatsa ba.