Haɗeja: Garin Da Labarin Yaƙinsa Ke Jiran Kyamara

Duk wanda ya taso daga Kano ta hanyar Gumel zai je Haɗeja, sai ya ratsa Malam Madori ya tsallake layin dogo. Yawancin matafiya ba sa ko ɗaga kai, hankalinsu na kan soyayyen kifin da ke jiran su a gaba. Amma wannan layin, wanda ya isa Nguru a 1930 don kwasar gyaɗa, shi ne ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, ciki har da Inyamurai, suka zauna a garuruwan tasha. Da rikicin 1966 ya ɓarke, jirgin ƙasa ne ya kwashe da yawansu daga Arewa, wasu daga su sai kayan jikinsu.

Wanda ya karanta littafin Half of a Yellow Sun na Chimamanda Ngozi Adichie ba zai ƙara tsallake dogo haka kawai ba. Littafin ya fito a 2006, ya ci kyautar Orange a 2007. Labarin wasu tagwaye ne, Olanna da Kainene, da mazan da suke so, da yaron gida Ugwu, da yadda yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya tarwatsa su. Akwai wurin da rikici ya rutsa da Olanna a Kano, tsohon saurayinta Mohammed, Bahaushe, ya fitar da ita daga cikin tarzoma ya kai ta tasha. A cikin jirgin ta zauna kusa da wata mata mai rungume da ƙwarya. Abin da ke cikin ƙwaryar nan gara mai karatu ya je ya gani da kansa, amma kada ya karanta da dare.

Biyi Bandele ya mayar da littafin fim a 2013, da su Chiwetel Ejiofor da Thandie Newton da Genevieve Nnaji, aka ɗauki yawancinsa a Kalaba. Hukumar tace finafinai ta ƙasa ta riƙe shi wata da watanni kafin a nuna shi a Nijeriya a Agustan 2014. Maganar gaskiya fim ɗin bai kamo ƙafar littafin ba. Kuma a littafin ma, Arewa leƙe kawai aka yi mata.

To a nan ne Haɗeja ta shigo, don garin yana da nasa basasar tun kafin a haifi kakannin sojojin Gowon. A tsakiyar ƙarni na 19 Sarkin Haɗeja Buhari, ɗan Sambo, ya saɓa da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Sakkwato ta tuɓe shi ta naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ja daga, ya tara mayaƙa, ya dawo ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Aka haɗo rundunar sarakuna don a murƙushe shi, ya tarwatsa ta a Kaffur, ya ci gaba da mulki yana kai hare-hare har ya rasu a yaƙin Gwaram a 1863. Wa da ƙani, gida ɗaya, gari ya rabu biyu. A ce yarinya 'yar gidan mutumin Ahmadu, saurayinta kuma barden Buhari ne: wane marubucin fim ne zai ga wannan ya ce ba labari? Ga kuma ranar 25 ga Afrilu, 1906, da sojojin Turawa suka shiga garin aka yi ta fafatawa unguwa-unguwa, Sarki Muhammadu ya faɗi tare da manyan fadawansa. Har gobe Mai Shahada ake kiran sa.

Sai dai fada da dawaki rabin labari ne. Abin da ya sa littafin Adichie ke kama zuciya ba janar-janar ba ne, yadda mace ke neman gishiri da abin da za ta sa wa yarinya a baki ne. Wanda ke son ganin irin wannan rayuwa ta neman tsira sai ya fita bayan gari ya nufi fadama, wajen Auyo, Kirikasamma da Guri.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba dutse ba tudu. Da damina kogin Haɗeja kan fasa gaɓa ya bazu, ƙauye ya koma tsibiri, mai zuwa zance sai da kwalekwale. Masunta na kwanciya rubda-ciki a kan gora suna jan koma. Mata na jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan banda, hayaƙi na shiga ido, daga nan a ɗaure a kwali sai kasuwar kifi ta Haɗeja, inda motoci ke lodi zuwa Kudu. Ruwa na janyewa manomi ya bi sawunsa, an yanke shinkafa a sa alkama da tattasai, Fulani su gangaro da shanu, wani lokacin a kwashe lafiya, wani lokacin a kai ga zubar da jini. Akwai ma gaiwa, kifin da ke binne kansa a taɓo idan ruwa ya ƙafe, ya kwanta shiru har wata daminar.

Kuma rayuwar ba ta tsaya yadda take ba. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, zuwan ruwan ya canza. E, Tigan nan dai da 'yan fim ke zuwa rawa da waƙa a bakinta, jaruma na canza leshi sau biyar a waƙa ɗaya. Can ƙasa kuwa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ya bushe, wani ya nutse, tsuntsaye jan-baki suka samu maɓoya suna cinye hatsi. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a wannan yanki, mutane suka kwana a makarantu da gefen titi.

Furodusa zai ce kuɗi. Gaskiya ne, fim ɗin tarihi na son dawaki, lifidi, sulke da ɗaruruwan mutane, ga tsoron taɓa tarihin masarauta. Amma Adamu Halilu ya yi Shaihu Umar tun 1976. Kuma labarin mutum biyu da yaƙi ya koro cikin fadama ba ya bukatar runduna: kwalekwale ɗaya, bukka ɗaya, jarumai biyu da suka iya kuka ba tare da an sa musu albasa ba.

Mai son leƙa lokeshin ya bari sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Lokacin hanya ta bushe, tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai sun sauka a dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008. Da asuba hazo kan kwanta a kan ruwa, rana ta fito jawur ta bayan itatuwan goriba. Mai kyamara ya tafi da batir na ajiya da gidan sauro, ya kuma fara kai gaisuwa wurin mai gari kafin ya kafa komai.